Gwaggon Taɓo da Kifin da Ya Ɓace

Kafin mai sayar da tikiti ya buɗe tagarsa, Gwaggon Taɓo ta riga ta janye teku. Kada ka yi mamaki sai ka ga tekun. Wani dogon tanki ne na gilashi a ɗakin ƙarshe na gidan namun daji, bayan kejin birai, inda mutane ke isa ƙafa ta gaji, yara sun fara kukan yunwa. Rabinsa ruwa ne mai ɗan gishiri, rabi kuma tudun baƙin taɓo mai gangara, da wasu saiwoyi da aka kakkafa. Takan ajiye bokitinta mai murfi a bakin ƙofa, ta tuɓe takalmi, ta shiga a hankali kamar mai duba mara lafiya, ta zura tiyo, ruwan ya riƙa sauka cikin duro har taɓon ya fito fili. In rana ta karkata ta mayar da shi bokiti-bokiti. A da akwai injin da ke wannan aiki. Ya lalace tun gwiwoyinta ba su fara ƙara ba, aka kafa kwamitin gyara, kuma na ji kwamitin yana nan da ransa, injin ne kawai ya mutu.

A ƙarshen watan jiya ta yi ritaya, bayan shekara ashirin da 'yan kai tana wannan cikawa da kwashewa. Na daɗe ina zargin yabon ranar ritaya, don yawancinsa murnar tafiyar mutum ce aka yi wa ado. Saboda haka kafin in ce komai a kanta sai da na bi waɗanda suka yi aiki da ita, masu sonta da masu zarginta. Masu zargin sun fi yawa, sun kuma fi ba da lokaci.

A yi musu adalci, abin da take kiwo shi kansa abin zargi ne. Kifin taɓo ake ce masa. Tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, asalinsa bakin teku ne inda kogi ke shiga, wurin da ruwa ke cika ya janye ya bar filin laka a ƙarƙashin itatuwa masu saiwoyi a waje. Kifi ne, amma yawancin yininsa a tudu yake yi. Yana dogara fika-fikansa na gaba yana jan jiki kamar mai sandar guragu, in ya tsorata ya lanƙwasa wutsiya ya daka tsalle, in ya ga dama ya hau saiwa ya zauna yana kallon ruwan kamar sun yi faɗa. Idanunsa a tsakar ka suke, a tsaye, in sun bushe ya nutsar da su cikin kai ya jiƙa, ya sake fito da su. Ta fatarsa da cikin bakinsa yake shaƙar iska muddin akwai danshi, shi ya sa kake ganin yana birgima a laka lokaci zuwa lokaci. Baƙi sukan tsaya gardama a gaban gilashin. Wani ya ce kwaɗo ne bai gama girma ba, wani ya ce ƙadangare ne aka jiƙa don a ruɗi mutane. Wani dattijo ya taɓa dubansa, ya dube ta, ya ce kifin da ya ƙi zama a ruwa lalle akwai abin da ya aikata a can. Gwaggo ta ce mai yiwuwa ne, amma bai gaya mata ba.

Ba da ilimin kifi ta zo gidan ba, wankin tankuna aka ɗauke ta. Likitar dabbobin gidan ce ta zaunar da ita ta koya mata yadda ake auna gishiri da dalilin janye ruwa, sauran kuma zaman kallo ya koya mata. Mai tikiti ya shaida mini cewa shekarar da rufin ɗakin ya yi yoyo, ya same ta tsaye a kan benci da roba a ka tana tare ruwan sama kada ya sirka na tankin, ita kanta ta jiƙe sharkaf. Likita ta ce mazan kifin nan masifaffu ne a kan iyaka, kowane da ɗan filinsa, in wani ya matso sai a ɗaga fiffiken baya kamar tuta, a wangale baki, a yi ta zare ido. Gwaggo kan kawar da saiwa ɗaya ta kafa ta a tsakani, rigima ta mutu. Ta raba faɗan iyaka fiye da alƙalai da yawa, kuma ba a taɓa ɗaukaka ƙara ba.

Ke ce, Gwaggo, kika zama farin wata ga halittun da ba su taɓa ganin wata ba, kina ja musu ruwa kina sakar musu kamar yadda wata ke yi wa teku, ranar aiki da ranar hutu. Ba su san ki ba, in kika motsa da sauri ma gudu suke yi. Ban san wani aikin da ya fi wannan rashin godiya ba, in ka cire renon 'ya'ya.

Yanzu maganar bokiti. Waɗannan kifaye ba sa son abincin gwangwani, sun fi son abin da ke motsi, don haka Gwaggo ta riƙa kiwon gyare da tana a bayan kicin ɗinta, cikin wani tsohon baho. Kullum da safe ta shigo da bokiti a rufe, da yamma ta fita da shi a rufe. Maigidanta, tsohon direban babbar mota, yakan ce shi kaɗai ne a layinsu yake kwana a daji ba tare da ya bar ɗakinsa ba. Shi dai kukan gyare ne damuwarsa. Mai gadin ƙofa kuwa murfin ne damuwarsa.

Sajan ake ce masa. Tsohon soja ne a faɗarsa, ko da yake har yau ba a sami wanda ya yi soja tare da shi ba. Sau ɗaya a rayuwarsa zarginsa ya tabbata, ranar da ya kama mai kula da tsuntsaye zai fita da aku a cikin kular abinci, kuma tun daga ranar duk abin da ke da murfi aku ne a wurinsa. Ya buɗe bokitin Gwaggo ba adadi. Da yamma ya tarar da shi wayam, da safe gyare su fallo masa a fuska, ita kuma ta tsaya tana jiransa ya gama, wani lokaci har ta tambaye shi ko ya karya ko ta ɗebar masa. Daga wannan haƙuri nata Sajan ya gano, a nasa lissafin, cewa wanda ke barin a bincike shi cikin sauƙi haka yana da wata hanyar.

Ana cikin haka wani mutum mai babbar mota da babban tanki a falonsa ya fara zuwa. Ba ya tsayawa wajen zaki, ba ya kallon birai, kai tsaye ɗakin ƙarshe. Ya nemi Gwaggo ta sayar masa da manyan maza biyu da ke tankin. Ta ƙi, kuma ita da bakinta ta je ta gaya wa Manaja. Ba a daɗe ba, ana saura 'yan makonni ta ajiye aiki, manyan mazan nan biyu suka daina fitowa. Ƙananan suna nan suna tsalle-tsallensu, manyan babu.

Ba sai na gaya muku yadda magana ke tafiya a wurin aiki ba. Sajan ya ce kai rahoton da ta yi share fage ne. Mai ba zaki nama ya ce shi tun da can bai yarda da mutum mai shiru ba. Wata a ofis ta tuna cewa ta ga Gwaggo da sabon mayafi. Kafin mako ya zagayo, matan layinsu sun fara tambayarta a bakin famfo ko kifin ya yi daɗi. Gwaggo ta ce suna cikin rami, ta ga sababbin curin laka a bakinsa, kuma takan hango kai ya leƙo da safe in ba kowa. Sai kowa ya zo ya gani. Suka tsaya a kan tankin da takalma da tocila, ana ƙwanƙwasa gilashi, ana nuni da yatsa. Kifin da inuwar tsuntsu ke kora rami, ga shi an kawo masa Sajan. Da ƙaruwar masu neman hujja, hujjar ta ƙara nutsewa.

Manaja ba mugu ba ne. Mutum ne mai son zaman lafiya, wato mai son magana ta mutu kafin ta kai sama. Ya kira Gwaggo ya ce abin mai sauƙi ne, a kawo shebur a tona taɓon. In an same su da rai, ta fita. In ƙashi aka samu, ta fita daga sata, sauran kuma ƙaddara ce. In ta ƙi, shi ba abin da zai iya yi, za ta bar gidan da maganar a kanta.

Ya nemi ra'ayin Likita, ita kuma ta faɗi abin da ta sani. Namijin kifin taɓo da bakinsa yake haƙa rami, ya ciko laka ya fito ya tofar, ya koma. Can ƙasa ramin yakan lanƙwasa sama ya zama ɗan ɗaki, kuma a rufin ɗakin nan mace ke manna ƙwai. Laka ba ta da iska, don haka in ruwa ya janye namijin yakan fito ya ciko bakinsa da iska, ya nutsa ya saki a ɗakin, ya sake fitowa, haka zai yi ta yi har ƙwan ya nuna. Sannan ya kwashe iskar, ruwa ya rufe ƙwan, su ƙyanƙyashe. Shebur ɗaya ya isa ya rushe wannan duka, ya kuma dagula taɓon da ya yi shekaru yana kwanciya. Amma da Manaja ya ce ko za ta rantse abin da ke faruwa ke nan, Likita ta ce a'a. Da wuya hakan ke faruwa a tanki, ita ba ta gani da idonta ba. Suna iya zama a kan ƙwai, suna iya zama matattu, suna kuma iya zama a falon mai mota. Karatu ya ce abin zai iya yiwuwa, bai ce ya yiwu ba. Na fi girmama ta a kan wannan amsa, ko da yake ba ta amfani Gwaggo da komai ba.

A gida ma ba a bar ta ba. Babbar 'yarta, ma'aikaciyar jinya, ta zo takanas daga asibiti da kayan aiki a jikinta.

"Inna, laka ce fa. Laka. A tona a huta. Ni ake tarewa a hanya ana tambaya ta."

Maigidan ya ce shi in za a tona, a haɗa da bahon bayan kicin. Ba wanda ya yi dariya. Gwaggo ta ce in akwai ƙwai a ƙasan nan, to wani yana can yana jigilar iska da baki saboda su, ba za ta sa a zuba masa shebur a ka don matan famfo su yi shiru ba. 'Yar ta ce in kuma babu fa? Ta ce to babu, amma ba ta sani ba, kuma ba a rushe ɗaki a kan rashin sani.

Abin da ta roƙi Manaja shi ne ya zo shi kaɗai da safe in ta janye ruwa, ya zauna tare da ita. Sharaɗinta ya tuɓe takalmi, ya kashe waya, kada ya yi tari in zai iya. Ta rataya buhu a kan igiya a gaban tankin, ta huda masa ƙofar ido, ta ba shi kujerar tsuguno. Sajan ya dage sai ya tsaya a bakin ƙofa, wai saboda tsaro, aka ce ya tsaya amma ya juya baya. Likita ta rakuɓe a lungu, daga bakinta da na Manaja na ji yadda aka yi.

Sun daɗe. Manaja mutum ne da bai taɓa zama shiru ba sai a gaban na gaba da shi, ga kujera gajera, ga tumbi. Ƙafarsa ta mutu, ta farfaɗo, ta sake mutuwa. Yana shirin miƙewa sai laka ta motsa a bakin wani rami kusa da saiwa. Idanu biyu suka fara fitowa, suka duba hagu da dama, sannan babban kai. Kifin ya buɗe baki ya haɗiyi iska har kumatunsa suka kumbura, ya juya ya nutse. Manaja ya ɗaga yatsa ɗaya. Gwaggo ta gyaɗa kai.

Can an jima, a wancan gefen tudun, nesa da na farko, wani ramin ya motsa. Babban kai ya fito, ya ciki iska, ya ɗan ɗaga tutarsa, ya koma. Manaja ya saki ajiyar zuciya irin ta wanda aka sauke wa buhu, ya ce cikin raɗa, to alhamdulillahi, ga na biyun, magana ta ƙare. Ya fara laluben takalmansa.

"Ranka ya daɗe, shi ne dai na farkon," in ji Gwaggo. "Ramin baki biyu gare shi."

Manaja ya ce ita ta tabbata? Shi dai kifi biyu ya gani, daga rami biyu, kuma a shirye yake ya faɗi haka a gaban kowa. Likita ta ce mini a lokacin ita ma ba za ta iya bambancewa ba, kuma ta ƙudurta a ranta ba za ta ce uffan ba. Gwaggo ta ce akwai 'yar yaga a tutarsa, tun wani faɗa da ya yi, ita ta san shi. Ɗayan kuwa ita ma ta kwana biyu ba ta sa shi a ido ba.

"Gwaggo," in ji Manaja, "ana fitar da ke kina komawa."

Ta ce ta sani.

Da labarin ya fita, na so in ce muku gidan ya ji kunya. Bai ji ba. Sajan ya ce wannan shi ne wayon da ya fi duka, ka amsa rabi don a yarda da kai a kan rabi, kuma wai sun yi irin wannan a soja. Mai ba zaki nama ya ce ɗaya ta sayar ke nan, ashe ciniki bai kammala ba. A wurin da aka saba da ƙarya, gaskiya ma dabara ake ɗaukarta. Ni kaina na juya maganar ta kowace fuska ina neman ribar da ta ci, don na saba in samu. Ban samu ba. An miƙa mata mutuncinta a hannu, shaidu biyu, shugaba da likita, ba abin da ake nema daga gare ta sai ta yi shiru na ɗan lokacin da mutum ke sa takalmi.

Abu ɗaya dai ya faru, Manaja bai sake ambatar shebur ba. Ko ganin kifin da kumatu cike da iska ne ya taɓa shi, ko ƙafarsa ce ta tuna masa, taɓon yana nan ba a tona ba. Ko an ƙyanƙyashe wani abu a ƙasa, ba wanda ya ga ɗa ko ɗaya, Likita kuma ta ce ko sun fito da wuya su rayu a tanki. Na biyun har yau ba a gan shi ba. An yi wa Gwaggo sallama a ofis, gajeriya, rabin ma'aikata suna da uzuri. Ta fita ta ƙofar Sajan, ya buɗe bokitin.

'Yarta ce ta fi kowa jin zafi. Ta ce mini ranar ta tsare uwar a tsakar gida ta ce, Inna, ba wanda ya ce ki yi ƙarya, shiru kawai za ki yi. Gwaggo tana wanke bahon gyare, don za ta kai wa matar da ke share gaban kejin birai, wadda aka ce ita za ta karɓi ɗakin. Ta amsa ba tare da ta ɗago ba.

"Da na yi shiru, kifi biyu za a danƙa wa baiwar Allahn nan. Ranar da aka nemi na biyun, bokitin wa za a buɗe?"

Ke ce, Gwaggo, kika zaɓi ki tafi gida da rabin zargi a ka, don kada ki bar wa wata cikakkensa. Ban san inda kifin nan yake ba, kuma na lura ke kaɗai ce a gidan nan kika yarda ki ce ba ki sani ba. Mun gode da shekarun ɗaukar ruwa, mun gode da ƙwan da wataƙila babu su amma kika tsare su kamar akwai. Allah ya huta da gwiwoyinki, ya ba maigidanki barci marar gyare.

Mu kuma da muka rage a ofisoshi da shaguna da asibitoci, kowannenmu wata rana zai miƙa aiki ga wani. Ba na ce mu zama waliyyai ba, na san mu. Amma in shugaba ya duba ya ga biyu, kai kuma ka san ɗaya ne, ka tuna akwai wanda zai zauna a kujerarka gobe, bai san komai ba, kuma shi za a tambaya. Ka buɗe baki tun shugaban bai gama sa takalmi ba.